Tsaunukan Hida: Katangar Da Ta Raba Japan Gida Biyu

 

'Yar uwa, idan na ce miki Japan, na san abin da zai fara faɗo miki a rai: mota, babur, rediyo, ko keken ɗinki. Wata kuwa za ta tuna hoton nan na kalanda, tsauni guda ɗaya tilo da farar hula a ka, wato Fuji. To yau ba Fuji za mu ba. Fuji shi ne mafi tsawo a ƙasar, mita 3,776, amma shi kaɗai yake tsaye, ba wa ba ƙane a kusa. Mu gidan yawa za mu shiga, inda tsaunuka suka jeru kafaɗa da kafaɗa, wato jerin tsaunukan Hida. Abin da ya ja hankalina gare su kuwa shi ne yadda suke wa jama'a rabo. Su ke cewa wane gari zai kwana cikin dusar ƙanƙara, wane gari zai ga rana, ina ruwa zai bi, kuma shekaru aru-aru su suka shata inda mace za ta taka da inda ba za ta taka ba.

Bari mu fara da shimfiɗar ƙasar. Japan tarin tsibirai ce, babban cikinsu sunansa Honshu, a kansa Tokiyo take, da Osaka. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar duwatsu ne da tuddai, shi ya sa mutane suka cunkushe a bakin teku. A tsakiyar Honshu, inda tsibirin ya fi faɗi, jerin tsaunuka uku sun gitta: Hida a arewa, Kiso a tsakiya, Akaishi a kudu. Wani Baturen Ingila mai aikin ma'adinai, William Gowland, shi ya fara kamanta su da tsaunukan Alps na Turai, daga baya wani ɗan mishan, Walter Weston, ya yaɗa sunan da littafin da ya fitar a 1896. Har yau Japanawa da kansu suna kiran Hida da Alps ta Arewa. Jerin ya haura kilomita 100 daga kudu zuwa arewa, ya taɓa jihohi huɗu: Gifu, Nagano, Toyama da ɗan gefen Niigata.

A lissafin da aka saba yi, tsaunukan da suka kai mita 3,000 a duk Japan guda 21 ne, kuma 10 daga cikinsu a Hida suke. Don ki gane abin da ake nufi da mita 3,000, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Kuma duk mita 1,000 da kika hau, zafi yakan ragu da kamar awo 6. Kin ga ke nan ana iya yin gumi a gindin dutse, a kansa kuwa haƙora na kaɗawa.

Me ya tayar da su haka? Ƙasar da muke takawa ba faranti ɗaya ba ce, gutsattsari ne manya-manya da suke motsi a hankali, suna turereniya. Japan tana zaune ne daidai inda irin waɗannan gutsattsarin suke haɗuwa. Turereniyar ita ta tura Hida sama, ita ce kuma take kawo girgizar ƙasa da aman wuta. A wurin masana, tsaunukan nan yara ne ƙanana, shi ya sa suke da kaifi, iska da ruwa ba su gama goge su ba kamar yadda suka sulɓe duwatsun wajenmu.

To mu bi su ɗaya bayan ɗaya, daga kudu. Sunayensu ma kaɗai sun isa su nuna miki kamanninsu. Na farko Norikura, mita 3,026, ma'anar sunan sirdin doki, don bayansa ya lotsa kamar sirdi. Shi ne mai sauƙin hali a cikinsu, motar haya tana kai mutum har mita 2,702, sai ki ƙarasa da ƙafa. Gaba kaɗan sai Yake, wato mai ƙuna. Gajere ne, mita 2,455, amma ba a raina shi, don har yanzu yana fitar da hayaƙi. A 1915 ya yi aman wuta, laka da duwatsu suka gangaro suka tare kogin Azusa, aka wayi gari da tafki inda da babu. Tafkin Taisho ke nan, yana cikin kwarin Kamikochi, wani fili mai ruwa garai-garai a tsawon mita 1,500. Nan ne ƙofar shiga ga yawancin masu hawa. Ba a barin motar gida ta shiga, kuma daga tsakiyar Nuwamba ake rufe hanya sai Afrilu.

Idan kika tsaya a Kamikochi kika ɗaga kai, iyalan Hotaka za ki gani. Na ce iyalai don ƙololuwa ce da yawa a haɗe: ta gaba, ta yamma, ta arewa, da ta can ciki, wadda ake ce wa Oku-Hotaka. Ita ce babbar yaya, mita 3,190, ta fi kowa tsawo a Hida. A duk Japan ma Fuji ne kawai ya fi ta, sai Kita na jerin Akaishi da ya ɗara ta da mita 3 kacal. Daga Hotaka ta arewa akwai wani siririn doron dutse da ake bi zuwa tsauni na gaba, sunansa Daikiretto. Hanyar takan nutsa ƙasa kamar mita 300 ta sake tashi, dama rami hagu rami, an kafa sarƙoƙi da tsani na ƙarfe don kamawa. Ana rasa rayuka a wurin. Ni dai ko a hoto na gan shi sai in ji tafin ƙafata yana tsami.

Idan aka wuce wannan doron aka ci gaba arewa, sai a kai Yari, mita 3,180. Yari da harshensu mashi ke nan, kuma ba su yi ƙarya ba, tsininsa ya soki sama, daga nesa ko yaro zai nuna miki shi. Wanda tarihi ya sani ya fara hawansa wani malamin addinin Buda ne mai suna Banryu, a 1828, tun kafin Turawan nan su zo su raɗa suna. Ibada ce ta kai shi, ba yawon buɗe ido ba. Wannan ki riƙe shi, za mu dawo kansa.

Can arewa kuma sai Tateyama, mita 3,015, da maƙwabcinsa Tsurugi, wato takobi. Tsurugi mita 2,999 ne, mita ɗaya tak ta hana shi shiga sahun manya, amma masu hawa sun ce duk cikin waɗanda ake bi ba wanda ya kai shi wuya. An daɗe ana ganin ba mahalukin da ya taɓa taka kansa. A 1907 'yan safiyon gwamnati, ƙarƙashin wani Shibasaki Yoshitaro, suka yi ta fama har suka kai, don aikin taswira. Suna isa sai ga tsatsattsen takobi a ajiye, da kan sandar ƙarfe irin ta malaman ibada. Da aka bincika, kayan sun haura shekara 1,000. Ashe wani ya riga su, ya hau ya sauka bai bar ko suna ba.

Daga nan sai Shirouma, mita 2,932, sannan jerin ya yi ta gangara har ya faɗa cikin Tekun Japan a wani gaɓa mai suna Oyashirazu. A da matafiya ta ƙarƙashin dutsen suke bi, suna tsere da igiyar ruwa. Sunan yana nufin wurin da ɗa ba ya sanin iyayensa, wato kowa ta kansa yake yi.

Yanzu mu zo kan katangar da na ambata. Kin san hunturunmu: iska takan taso daga hamada, ba ta ƙetare ruwa ba, sai ta iso mana a bushe da ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Su ma suna da irin wannan iskar daga Disamba zuwa Fabrairu, tana tasowa daga Saiberiya da sanyi mai tsanani, a bushe. Bambancin shi ne kafin ta iso sai ta ƙetare Tekun Japan, wanda ruwansa yake da ɗan ɗumi. Sai ta sha tururi ta ƙoshi. Tana isowa gaɓa sai ta ci karo da Hida. Ba hanya sai sama, tana hawa tana ƙara sanyi, sai ta sauke duk abin da ta ɗauko a matsayin dusar ƙanƙara. Kafin ta gangara ɗaya gefen ta zama fanko. Shi ya sa a rana ɗaya mutumin Toyama yana haƙa hanya daga ƙofar gidansa da shebur, matar Tokiyo kuwa tana shanya a rana.

Yawan dusar ya wuce a faɗa da baki. Akwai hanyar da aka buɗe a 1971 mai ratsa Tateyama, tana kai mutane wani fili mai suna Murodo a mita 2,450. Duk shekara a watan Afrilu sai motocin haƙa sun yanka hanyar cikin dusa, motar haya ta bi ta tsakiya, bango dama bango hagu. A shekarar da ta yi yawa bangon yakan kusa mita 20, wato kamar bene mai hawa shida. A wasu kwazazzabai dusar ba ta narkewa sam, ta daskare ta zama ƙanƙara mai kauri da take jan ciki a hankali zuwa ƙasa. A 2012 masana suka tabbatar da irin wannan ƙanƙara mai tafiya guda uku, ɗaya a Tateyama, biyu a Tsurugi, alhali da ana cewa babu ita a Japan.

Wannan dusar ita ce rumbun ruwan manoma. Tana narkewa sannu a hankali daidai lokacin da shinkafa take bukata. Har kalanda take musu. Idan ta fara narkewa a jikin Shirouma, akwai inda baƙin dutse yake bayyana da siffar doki, da manoman da suka gan shi sun san lokacin gyaran fadamar shinkafa ya yi. A wani tsaunin kuma, Jii, siffar tsoho mai shuka ce take fitowa.

Sai dai ruwan da ya sauko daga irin wannan tsawo ba ya zuwa da ladabi. Kogin Kurobe tsawonsa bai wuce kilomita 85 ba, amma daga kusan mita 3,000 yake faɗowa zuwa teku. Bayan yaƙin duniya na biyu, da wutar lantarki ta yi wa yankin Osaka ƙaranci, sai aka yanke shawarar tare shi a can cikin kwazazzabo. An fara a 1956, aka gama a 1963. Madatsar mita 186 ce, ba wadda ta kai ta tsawo a Japan. Wajen haƙa hanyar kai kaya ta cikin dutse an tarar da wani wuri mai ruɓaɓɓen dutse da ruwan sanyi yake ta ɓulɓulowa, mita 80 kawai, amma sai da ya ci wata bakwai. Ma'aikata 171 suka mutu a aikin baki ɗaya.

To ina mata a cikin wannan labari? Na ce ki riƙe maganar ibada. A al'adar Japanawa ta da, manyan tsaunuka wurare ne masu tsarki, kuma Tateyama yana cikin uku da suka fi girmamawa, tare da Fuji da Haku. Kusa da Murodo akwai wani kwari da ƙasa take tafasa, hayaƙin farar wuta yana tashi, suka ce nan ne mazaunin azaba, ƙololuwar kuma gidan ni'ima. Namiji ya hau ya sauko, a ganinsu ya wanke zunubi. Yaron Toyama ma ba a ɗaukarsa ya zama mutum sai ya hau. Mace kuwa an ce ba ta da tsarkin da za ta taka. Har tatsuniya suka yi don tsoratarwa, wai wata mai ibada ta yi taurin kai ta hau da 'yan rakiyarta mata, aka mayar da su itatuwa, ita kuma ta zama dutse.

Abin da aka bar wa mata shi ne wata gada a ƙauyen Ashikuraji, a gindin tsaunin. Sukan zo daga nesa, a sa musu fararen kaya, a ɗaure musu ido, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan gadar su taka su ƙetare. A ɗaya gefen sai a shigar da su wani ɗaki mai duhu, su yi ta addu'o'insu. Can sai a buɗe taga, su kwance ido, su hango Tateyama daga nesa. Iyakar rabonsu ke nan, hange. Sai a 1872 gwamnati ta soke dokar hana mata hawa irin waɗannan tsaunuka. Bikin gadar ya mutu a wancan zamanin, aka farfaɗo da shi a 1996, yanzu mata suna yinsa don ra'ayin kansu, wadda ta ga dama kuma gobe ta ɗaura takalmi ta hau har ƙololuwa.

Ga inda abin yake ci mini rai. A daidai zamanin da ake muhawarar ko mace ta isa ta hau tsauni don ibada, talauci yana kora 'yan mata su ƙetare shi a ƙafa cikin dusa, kuma ba wanda ya ce ba su da tsarki. A kudancin jerin, kusa da Norikura, akwai wani mashigi mai suna Nomugi, a mita 1,672. Yammacinsa ƙasar Hida ce, wadda ta ba tsaunukan suna, ƙasa mai duwatsu da ƙarancin gona. Sunan mashigin ma na yunwa ne. Nomugi na nufin alkamar daji, wato 'ya'yan wata ƙaramar gora da mutane suke ci a shekarar da amfani bai yi ba. Gabashinsa kuwa, a garin Okaya da ke bakin tafkin Suwa, masana'antun zaren siliki ne suke ta bunƙasa. Siliki shi ne babban abin da Japan take sayarwa waje a lokacin, zuwa 1909 ta wuce kowace ƙasa fitar da shi. Da kuɗinsa ta sayo injuna da jiragen ruwa.

Masu ɗaukar ma'aikata sukan bi ƙauyukan Hida gida-gida, su ba uba kuɗin kafin alƙalami, a sa hannu. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 sai ta bi ayari. Wajen watan Fabrairu suke tafiya, su dawo ƙarshen Disamba don bikin sabuwar shekara, kin ga zuwa da dawowa duk a tsakiyar sanyi. Tafiyar kwanaki ce, da takalman da aka saƙa da karan shinkafa, hanya siririya a gefen kwazazzabo, wadda santsi ya kwashe ta tafi ke nan. A masana'anta kuma aikin shi ne a tsoma gidan tsutsar siliki a ruwan zafi, a kamo bakin zaren da yatsa, a haɗa a naɗe, awa 13 ko 14 a yini. Zare ya yi kauri ko ya tsinke, a yanke miki lada. Tarin fuka ya kashe da yawa. Wadda ta ƙware sosai takan koma gida da yen 100 a shekara, kuɗin da a lokacin ake cewa ya isa gina gida, iyayenta su yi ta alfahari a ƙauye.

Wadda aka fi tunawa a cikinsu sunanta Masai Mine. Tana cikin ƙwararrun. A 1909 ciwon ciki ya kwantar da ita a Okaya, aka aika gida a zo a ɗauke ta. Yayanta namiji ya ƙetaro, ya goya ta a baya ya kamo hanya. Sun kai kan Nomugi, daidai inda ake fara hango ƙasar Hida, rai ya yi halinsa. Shekararta 20.

Marubuci Yamamoto Shigemi ya bi tsofaffin da suka yi wannan aiki yana ɗaukar labarinsu, ya fitar da littafi a 1968, aka yi fim da shi a 1979. Wani abu da ya fito a hirarrakin ya sa na yi shiru na ɗan lokaci: da yawa daga cikin tsofaffin ba su yi nadamar zuwa ba, sun ce a masana'anta aƙalla ana cin shinkafa a ƙoshi, aikin gida a ƙauye ya fi wuya. Ban ɗauki wannan a matsayin wanke masu masana'anta ba. Ni abin da ya nuna mini shi ne irin rayuwar da suka baro a bayan dutsen.

Ayarin ƙafa ya ƙare ne bayan 1934, da aka gama layin dogo na Takayama, jirgin ƙasa ya shiga Hida. A shekarar nan ce kuma gwamnati ta mayar da tsaunukan gandun ƙasa mai kariya, wanda ake kira Chubu Sangaku. Yau akwai titin mota a Nomugi, ana rufe shi idan dusa ta sauka. A kan mashigin an kafa mutum-mutumin Mine a bayan yayanta.